Kwana biyu a gidajen shugabannin Amurka na farko, ni da Kawu a motar haya

Kawuna ya zo mini ziyara Maryland daga Zariya a ƙarshen Satumba, kuma tun bai kwance jakarsa ba ya ce shi ba yawon kantuna ya kawo shi ba, gidajen shugabannin Amurka na farko yake son gani da idonsa. Malamin tarihi ne da ya yi ritaya, irin waɗanda ba a ja da su. Na ɗauki hutun kwana biyu, na yi hayar mota, muka nufi jihar Virginia, tunda huɗu daga cikin shugabanni biyar na farko 'yan can ne.

Kamfanin hayar motar ne ya fara ɓata mini rai. Babba na biya, suka miƙo mini wata 'yar ƙarama, Kawu kuwa dogo ne, gwiwarsa na tokare da gaban mota har muka dawo.

Mun fara da Mount Vernon, gidan George Washington, wanda ke bakin kogin Potomac, kimanin kilomita 25 kudu da birnin Washington. Daga nesa za ka rantse ginin dutse ne. Ashe katako ne aka sassaƙa, aka shafa fenti, aka watsa masa yashi tun bai bushe ba. Kawu ya ƙura masa ido ya ce, "Ka ga shugaban ƙasa da dabarar talaka." A zauren shiga an rataye mabuɗin kurkukun Bastille na Faransa, wanda Lafayette, janar ɗin Faransa da ya taya shi yaƙin neman 'yancin Amurka, ya aiko masa a 1790, a sama kuma ga ɗakin da ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1799. Sai dai cikin gidan ba wurin tsayawa ba ne: layi ake bi, ɗaki bayan ɗaki, mutane na bayanka suna jira. Daɗin wurin yana waje, a barandar da ke kallon kogi, inda muka zauna a kujerun katako kusan rabin awa ba wanda ya ce uffan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba gwamnati ke riƙe da gidan ba. Wata ƙungiyar mata ce ta tara kuɗi ta saye shi a 1858 lokacin da ya fara lalacewa, kuma har yau ita ke kula da shi.

Can ƙasa da kabarin Washington, cikin itatuwa, akwai maƙabartar bayi. A shekarar da ya rasu mutum 317 ne ke bauta a gonakinsa, 123 nasa ne na kansa, ya kuma bar wasiyya a 'yanta su. Sauran mafi yawansu na dangin mijin matarsa na farko ne, wasiyyar ba ta shafe su ba. Kawu ya daɗe a tsaye a nan, sannan ya ce, "Wannan ai rinji ne, ɗana. Gandu da rinji, irin wanda muka sani, sai dai nan an rubuta lissafi." Daga wannan maganar tafiyar ta sauya mini fasali.

Da la'asar muka isa Montpelier, gidan James Madison, shugaba na huɗu, bayan tuƙin kusan awa biyu ta cikin gonaki da dawakai. Babu cunkoso, mai yi mana bayani kuma ta amsa duk tambayoyin Kawu, ga shi ba su da iyaka. Iyalan du Pont, wasu attajirai, sun sayi gidan a 1901 suka faɗaɗa shi, sai tsakanin 2003 da 2008 aka rushe ƙarin aka mayar da shi yadda Madison ya bar shi. A ɗakin karatunsa na sama ya yi nazarin da ya zama tushen kundin tsarin mulkin Amurka. A ɗakunan ƙarƙashin gidan kuma an baje tarihin bayin da suka ciyar da shi yana wannan karatun. Idan ka je, kada ka tsallake ƙasan.

Mun kwana a wani masauki kusa da Charlottesville. Abincin halal ya yi mana wuya a hanya, Allah Ya taimake mu da dambun naman da Kawu ya zo da shi a ransa ba a jakarsa ba, wato muka ƙare da burodi, ƙwai da shayi. Ka yi guzuri daga gida.

Monticello, gidan Thomas Jefferson, shugaba na uku, shi ne ya biya kuɗin tafiyar duka, duk da tikitinsa ne ya fi tsada. Ana sayensa ta intanet da lokacin shiga a rubuce, ka ajiye mota a ƙasa, ƙaramar bas ta hau da kai kan tsaunin. Ginin nan ne ke bayan kwabon senti biyar na Amurka, kuma Jefferson da kansa ya zana shi. Mutumin yana da son ƙirƙira har ya yi yawa. A zauren shiga akwai agogo mai aiki da dunƙulallun ƙarafa masu nauyi da ke sauka a jikin bango suna nuna ranakun mako. Tsayin bangon bai ishe su ba, sai aka huda daɓen, Asabar ta koma ƙarƙashin ƙasa. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Gadonsa a cikin bango yake tsakanin ɗakin kwana da ofis, yana kuma da wata na'ura mai alƙalami biyu, yana rubuta wasiƙa ɗayan na kwafa.

Amma inda na fi so mutum ya ba lokaci shi ne Mulberry Row, layin da bayi suka zauna suka yi ƙira da saƙa da aikin katako. Ana zagaya da mutane a nan a yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Wanda ya rubuta takardar 'yancin Amurka a 1776, yana cewa an halicci mutane daidai, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Sun yi maganar Sally Hemings, baiwar da gwajin ƙwayoyin halitta na 1998 da nazarin tarihi suka nuna shi ne uban 'ya'yanta. Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 1826, rana ɗaya da John Adams, shugaba na biyu, da bashin sama da dala 100,000 a kansa, kuma a Janairun 1827 aka yi gwanjon mutum 130 don a biya.

Ƙasa da layin akwai lambunsa, tsawon mita 300. Muna tafe sai Kawu ya ja birki, ya nuna wata shuka da sandarsa. Kuɓewa ce, ta yi tsayi har ta fara bushewa a kara. Gaba kaɗan ga riɗi. Jefferson ya shuka su duka biyun, riɗin don mai. "Waɗannan tare da mutanenmu suka ƙetaro teku," in ji Kawu. Ya sunkuya ya shafa ganyen kamar yana gaida ɗan gari.

Highland, gidan James Monroe, shugaba na biyar, wanda aka sa wa Monrovia, babban birnin Laberiya, sunansa, minti kaɗan ne daga nan. Ainihin gidan ya ƙone tun tuni, a 2016 aka sanar da gano harsashinsa, wanda ke tsaye ɗakin baƙi ne. Mun shiga a gajiye muka fito da wuri. Kuskurena ne da na cusa gida huɗu cikin kwana biyu. Uku ya kamata, kuma da takalmi mai taushi, don tafiyar ƙafa ba kaɗan ba ce.

A hanyar dawowa na ba Kawu labarin cewa Jefferson ya sayi fassarar Alƙur'ani ta Turanci a 1765, tana ɗakin karatu na majalisar dokoki a Washington, kuma da ita Keith Ellison, Musulmi na farko da aka zaɓa a majalisar, ya yi rantsuwar kama aiki a 2007. Ya gyara zama, gwiwa na bugun gaban mota, ya ce, "To Asabar mai zuwa can za ka kai ni. Amma ka nemo babbar mota."