Tabon Ƙarfe a Bahon Ruwan Zafi: Wane Magani Ya Cancanci Kuɗinka?

Bahon ruwan zafi babban baho ne mai hita da injin zagaya ruwa, wanda ake shiga a zauna a ciki. Idan ya yi tabo, kafin ka sayi komai, dubi launin tabon. Ja-ja ko ruwan ƙasa irin na tsatsa baƙin ƙarfe ne. Kore ko shuɗi-shuɗi jan ƙarfe ne. Baƙi mai sirkin shunayya kuwa manganis ne, wani nau'in ƙarfe. Farin ɓawo mai kaushi ba tabon ƙarfe ba ne, kalsiyam ne ya daskare, kuma maganinsa daban. Don ka tabbatar, danna ƙwayar bitamin C a kan tabon kamar minti ɗaya. In wurin ya washe, baƙin ƙarfe ne.

Yawanci ƙarfen a narke yake shigowa, musamman a ruwan rijiya ko burtsatse, ido ba ya ganinsa. Da ka zuba kulorin ko buromin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, sai ya rikiɗe ya zama tsatsa, ruwa ya sauya launi, tsatsar ta kama jikin baho. Ko 0.3 ppm, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan, ya isa ya yi tabo. Shi ya sa takardar gwajin ƙarfe ce sayayya ta farko. Gwada ruwan famfo daban, na baho daban.

Matatar da ake ɗaurawa a bakin tiyo ita ce rigakafi. Sai dai a lura: wadda aka yi don tare laka da yashi kawai ba ta kama narkakken ƙarfe, zai bi ta cikinta ya wuce. Nemi wadda aka rubuta a jikinta cewa tana rage ƙarfe, ka duba lita nawa take tacewa kafin ta gaji. Kada ka buɗe famfo har ƙarshe, domin ruwan da ya ruga da gudu ba ya tacuwa sosai. Tabon da ya riga ya kama kuwa, matata ba ruwanta da shi.

Maganin ruwa mai ɗaure ƙarfe shi aka fi saye, shi kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba ya fitar da ƙarfe daga ruwa. Riƙe shi yake yi a narke don kada ya zauna a jikin baho. Kulorin da zafi suna cinye maganin a hankali, ranar da ya ƙare ƙarfen ya kuɓuce, tabo ya dawo. Don haka sai ana ƙarawa, galibi mako-mako. Karanta abin da aka haɗa shi da shi: mai sinadarin HEDP ya fi jure kulorin a kan mai sinadarin EDTA, amma in ya lalace yana barin sinadarin fosfet, wanda kan haɗu da kalsiyam ya gurɓata ruwa idan aka wuce ƙima. A zuba shi da zarar an cika baho, a kunna injin ruwan ya zagaya na tsawon lokacin da aka rubuta a kwalba, sannan kulorin ya biyo baya. Wanda ya fara da kulorin ya riga ya makara. Idan bahonka na da na'urar da ke sakin jan ƙarfe don kashe ƙwayoyin cuta, wannan maganin na iya rage mata ƙarfi.

Ga tabon da ya zauna, garin bitamin C ne gwani a kan baƙin ƙarfe. Bari kulorin ya sauka kusan sifili, in ba haka ba su biyun za su cinye juna a banza. Fara da giram 10 zuwa 15 a kowace lita 1,000, injin ya yi aiki kamar rabin awa, ka ƙara kaɗan idan da saura. A kan jan ƙarfe ba ya taɓuka abin kirki, asid ɗin sitirik ya fi shi. Ƙarfen da ya saki jikin baho yana nan cikin ruwa, saboda haka a zubar da ruwan a wanke filta. Bahon gida bai cika wuce lita 1,000 zuwa 2,000 ba, kuma dama ana sauya ruwansa duk wata 3 zuwa 4, zubarwar ta fi ci gaba da sayen magani sauƙi.

Akwai kuma 'yar jaka mai tsotse narkakken ƙarfe da ake ajiyewa a ɗakin filta. Ita tana fitar da ƙarfen daga ruwa, amma aikinta na makonni ne, ba ta mai gaggawa ba ce.

Soson ƙarfe da garin goge-goge mai kaushi kada su kusanci jikin baho na akirilik, wato roba mai sheƙi, suna karce shi, datti ya sami wurin maƙalewa.

Idan gwaji ya nuna ruwan famfonka ba ƙarfe amma na baho na da jan ƙarfe, matsalar daga ciki take. Ko dai maganin gansakuka mai jan ƙarfe ake zubawa, ko na'urar nan mai sakin jan ƙarfe ce, ko ruwan ya yi tsami yana cin hita da sauran sassan ƙarfe. A nan sai a daidaita ruwa: pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8, alkaliniti, mai hana pH saurin sauyawa, 80 zuwa 120 ppm, kalsiyam 150 zuwa 250 ppm, sannan a sa mai gyara ya duba hitar.