Allura na rawa, sitiyari na karkarwa: ciwo ɗaya ne ko biyu?

Wani ɗan'uwa a zauren nan, mazaunin Garwa ta Kamaru, ya kawo tambaya kan motarsa Mazda MX-5 ƙirar 1994, irin mai fitilun nan da ke ɗago kai kamar idon kwaɗo. Ya ce allurar gudu tana rawa tun daga tashi har wajen kilomita 40, wani lokaci da ɗan kuka ƙasa-ƙasa a bayan agogo. Sitiyari kuwa lafiya lau yake a cikin gari, sai ya hau kwaltar Pitowa ya kai tsakanin 95 da 110 sannan ya kama karkarwa. Bakanike ya ce a canja agogon gudun ɗungurungum, a kuma sa wani rak ɗin sitiyari, wato sandar nan mai haƙora da ke juya tayoyin gaba. Yana son ya san ko ciwo ɗaya ne, da kuma wanda zai fara gyarawa.

Malam, kafin ka ciro ko dala, sake karanta abin da ka rubuta, domin rabin amsar na ciki. Allura tana haukanta a lokacin da sitiyari ke zaune lafiya, shi kuma yana nasa bayan ita ta nutsu. Da uwarsu ɗaya, da tare za su riƙa tashi. Motar nan da ƙafafun baya take tafiya, kuma allura daga giyabos take samun labari, wato daga abin da ke tura tayoyin baya. Sitiyari tayoyin gaba yake saurare. Ko a ƙarƙashin mota ba unguwarsu ɗaya ba.

Bari mu fara da allura, ita ce mai sauƙin sha'ani. MX-5 ta farko, wadda aka yi daga 1989 zuwa 1997, waya ce ke juya mata agogo, kontar kamar yadda kanikawan nan ke faɗi. Duk wanda ya taɓa riƙe Fijo 504 ya san irinta: siririyar waya murɗaɗɗiya a cikin riga, bakinta ɗaya a jikin giyabos, ɗayan a bayan agogo. Tana juya wani ɗan maganaɗisu a cikin ƙoƙon alminiyam, ƙoƙon ya ja allura, wani siririn sifirin kuma yana mayar da ita baya. To idan wayar ta bushe, ko ta lanƙwashe a wani wuri, sai ta riƙa maƙalewa tana ƙwacewa. Maƙalewar ita ce faɗuwar allura, ƙwacewar ita ce tsallenta. In gudu ya yi yawa juyin yakan fi ƙarfin maƙalewar, shi ya sa kake ganin ta natsu bayan 40. Kukan da kake ji ma na wayar ne.

Na taɓa tsayawa a kan wani tsohon bakanike, a gindin darbejiya, yana zare irin wayar nan daga wata 504. Giris ɗin da ke jikinta ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar busasshen ƙulli, ja-ja-ja. Ya wanke ta da kananzir, sannan ya ja ta a hankali ta cikin tsumma. Wuri ɗaya tsumman ya kama. Ya ɗago ta saitin rana ya nuna mini silin ƙarfe guda ɗaya da ya tsinke ya miƙe kamar gashin baki. Ya ce wannan ba ta mai ba ce, ta shara ce. Gwajin ke nan har yau. In tsumma ya wuce sumul, a shafa mata mai marar kauri a mayar, amma a bar wajen saman a bushe don kada man ya hau cikin agogo. In cikin wayar taka ya ƙi zarowa, kada a yi masa ƙarfi, a canja ta da rigarta gaba ɗaya, a kuma bi hanyarta a tabbatar ba ta karye kwana ba, ba ta kuma kwanta kusa da salansa ba.

Yadda za ka wanke agogon daga zargi ma ba wuya. Dubi lambobin da ke ƙirga kilomita, domin waya ɗaya ce ke juya su da allura. In allura ta mutu amma lambobi na tafiya, laifin na cikin agogo ne. In duka biyun suka tsaya, waya ta tsinke ko ɗan haƙorin roba da ke cikin giyabos ya cinye. In duka suna aiki, rawa kawai allura ke yi, ga gwajin. A kwance wayar daga giyabos, a kama bakinta da injin huda, a juya. In allura ba ta motsa ba a juya ta ɗaya hannun. Ta tashi ta tsaya cak? To agogonka ƙalau yake.

Wanda ke da MX-5 ta biyu, wadda ta fito a 1998 da fitilu a kafe, labarinsa daban ne, don kada wani ya je neman wayar da babu. A wannan sensa ce a jikin giyabos take aika saƙo ta wayar lantarki. Ita ba ta san rawa a hankali ba, sai dai allura ta faɗi sifili tim, can kuma ta farfaɗo, sau da yawa bayan an faɗa rami ko an keta ruwa. Soket ake fara dubawa, a kankare tsatsa da laka, kafin a yi maganar sayen sensa. Mai waya tana ba ka sanarwa wata da watanni, mai sensa ba ta sallama.

Yanzu sitiyari, inda maganar take da nauyi.

Motar nan nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Hilux ta kusa ninka ta, shi ya sa takan haɗiye abin da Mazda za ta kawo maka har tafin hannu. Tayar da aka yi ta da ita 185/60 R14 ce, kewayenta wajen mita 1.8. A gudun kilomita 100 tana juyawa sau 15 a daƙiƙa ɗaya. Ka ɗauka ɗan dalmar nan da ake maƙalawa a bakin rim, mai gram 20, ya faɗi a wani rami. Sau 15 a kowace daƙiƙa ɓangaren da ya fi nauyi zai fizgi ƙafar. A gudun cikin gari fizgar ba ta da ƙarfi. A wani gudu na musamman kuma sai ta dace da rawar da ƙafafun motar ke yi da kansu, abin ya taru ya yi yawa, in ka wuce wurin ya lafa. Masu irin motar nan a Amurka sun daɗe da sanin wannan karkarwa ta wajen mil 65, wato kilomita 105, har ta zama abin da aka san ƙirar da shi. Daidai inda taka take yi ke nan.

Saboda haka ni ban ga rak a cikin bayaninka ba. Rak, ko kiremayer a bakin kanikawanmu, in ya mutu wasa yake yi: ka murza sitiyari kaɗan hagu da dama, taya ba ta amsa ba, ko ka ji ƙwas-ƙwas a kan gargada, ko ka tarar da mai ya cika robar da ke rufe bakinsa. Kuma ba ya jiran sai ka kai 95.

Kowace karkarwa da lokacinta, kuma lokacin ne ke tona ta. Wadda ke zuwa a wani gudu ta tafi a wani, rashin daidaiton nauyin taya ne, abin da muke kira ekilibraj, 'yan Najeriya su ce balansin. Wadda ba ta zuwa sai ka taka birki, faifan birki ne ya ci ba daidai ba. In kuwa a gudun 20 ko 30 kake jin sitiyari na kaɗa kai a hankali kamar mai jin kalangu, rim ya lanƙwashe ko taya ta yi ƙulu, kuma taya mai ƙulu a zafin watan Afrilu na Garwa ba abar tafiya Marwa ba ce. Wadda ka ji a kujera fiye da hannu, ta baya ce. Akwai ma ta zama: motar da ba a fita da ita sai ranar Lahadi tayarta takan kwanta ta gefe ɗaya, ta yi ta bugu na 'yan kilomitoci, in ta yi ɗumi ta daina.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Tayoyin huɗu girmansu ɗaya, don haka a mayar da na gaba baya, na baya gaba, kowace a gefenta. In karkarwar ta bar hannunka ta koma kujera, ka kama ɓarawo. Tun da an cire su, leƙa cikin rim. Ni da kaina na taɓa yin sati biyu ina zargin ƙafar mota bayan damina, har na sa an yi mini kuɗin kaya, ashe busasshiyar laka ce cike da tafin hannu ta manne a cikin rim ɗin dama. Yaron mai faci ya kankare ta da sukundireba yana dariya. Dubi kuma lambobi huɗun ƙarshe na layin DOT a gefen taya: 2318 na nufin sati na 23 na 2018. Tayar gwanjo takan zo da zane mai kyau alhali ta tsufa ta ƙeƙashe. In kuma rim ɗin ba na asali ba ne, ramin tsakiyarsa ya zauna daram a kan cibiyar ƙafa, wadda a motar nan milimita 54.1 ce. In ya fi haka faɗi sai an sa zobe, in ba haka ba ko sau goma aka yi ekilibraj tayar za ta zauna a karkace. Iska kuma bar 1.8 kamfani ya rubuta, amma masu faci sun saba da tasi da a-kori-kura, sai su ɗura mata fiye da kima ta riƙa tsalle.

Mota na kan jak, kama tayar gaba ta hagu da dama ka girgiza. In ta yi wasa, rotil ɗin sandar sitiyari ne, wato gaɓar ƙarfen nan mai kan ƙwallo. Kama ta sama da ƙasa, in ta yi wasa, boris ne, wato ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, ko rotil ɗin ƙafa. Wannan shi ne abin da ba a ɗaga masa ƙafa ko kwana ɗaya, don rotil in ya fita daga gurbinsa taya juyawa take inda ta ga dama.

Wani abu da nake gani yana ba ni haushi: sitiyari ya karkace alhali mota na tafiya miƙe, sai a cire shi a sake dasa shi a tsakiya. An ɓoye ciwon ne kawai, tayoyi na nan suna cin gefe. A ƙasa ake saita shi, wajen paralelism, wato saita tayoyi su miƙe daidai. In ma dole sai an cire, kuma taka mai jakar iska ce, a fara cire kan batir. A but na baya batirin yake a motar nan, kada yaro ya buɗe gaba ya ce an sace.

Wuri ɗaya ne na san ciwon nan biyu suke gaisawa a motarka, shi ne girman taya. Saboda ramuka, mutane kan sa mai tsawo don mota ta ɗaga, misali 185/70 R14. Tsawonta ya fi na asali da kusan kashi 6 cikin ɗari, ita kuwa allura juyi take ƙirgawa, ba ta san an canja ba. Sai ta nuna ƙasa da abin da ta saba nunawa da wannan kashi 6, jandarma mai na'ura kuma ba ruwansa da bayaninka. Ka'idar Turai ta yarda agogo ya ƙara a kan gudun gaskiya, har kashi 10 cikin ɗari da kilomita 4, amma ba ta yarda ya rage ba. Buɗe GPS na wayarka a miƙaƙƙiyar hanya ka gwada su. Ka kuma tabbata fuskar agogon kilomita ce, domin wadda ta fito daga Amurka ko Ingila mil take nunawa da manyan lambobi, 60 ɗinta kusan 97 ne. A motocin baya-bayan nan masu ɗaukar gudu daga sensar birkin ABS da ke gindin taya, boris ɗaya na iya rikita allura da sitiyari tare, amma taka ta girmi wannan zamani.

In ni ne kai, sitiyari zan fara, a yau: girgiza ƙafa, musanya tayoyi, sannan ekilibraj a inda ke da inji na gaske, a ce wa mai injin ya kai lambar sifili, kada ya tsaya a "ya isa haka". Allura za ta iya jira, GPS ya riƙe maka kafin nan, sai dai kada ka bar ta ta shekara, don waya mai fizga tana gajiyar da agogon da yake lafiya. In za ka aika neman wayar a Kam Yabasi ta Duwala ko Ƙofar Ruwa ta Kano, haɗa da tsohuwar a gwada tsawo da baki. In kuma bincike ya kai ga rak ɗin da gaske, faɗa musu hannun da sitiyarinka yake, domin na motar Japan da Ingila a dama yake, ba zai hau taka ba in mai hagu ce.