Gargaɗi ga 'yan uwa masu sha'awar kafinta: wani "Injiniya" ya cinye min N465,000 da sunan injin filen

Assalamu alaikum jama'a. Na yi niyyar in yi shiru, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An damfare ni naira 465,000. Kuɗin adashi ne na kwasa, na ƙara da ɗan abin da nake tarawa, na tura wa mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Kafin wani ya fara rubuta min "ai kai ma ka yi sakaci", ya tsaya ya karanta har ƙarshe, domin na rantse da a ce shi ne a wurina, da shi ma ya tura.

Ni ba kafinta ba ne na sana'a. Ma'aikaci ne, Asabar da Lahadi nake shiga garejin gidana in ɗan taɓa katako. Muna da wani zaure a WhatsApp, mu irin waɗannan, akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan asibiti, akwai dattawan da suka yi ritaya. Duk Lahadi da yamma kowa ya saka hoton abin da ya yi a makon. Wannan ya yi kanta, wancan ya gyara ƙofar kicin, wani ya yi wa yara teburin karatu, a yaba, a gyara wa juna, a yi dariya. To a nan mutumin ya same mu. "Injiniya" muke kiransa, kuma shi ya ce a kira shi haka.

Ba ranar da ya shigo ya fara talla ba. Wannan shi ne abin da nake so ku gane. Mutumin nan ya daɗe a cikinmu bai ce yana sayar da ko ƙusa ɗaya ba. Duk mako sai ya saka aiki, kuma aiki mai kyau, har ana tambayarsa wane banish ya shafa. Ana rasuwa ya yi ta'aziyya, ana haihuwa ya yi barka. Lokacin hunturu na sayo falankan madaci a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ban jima da ajiye su ba suka fara murɗewa, bakunansu suna tsagewa. Na saka hoto ina ƙorafi. Shi ne ya kira ni, da kansa, da katinsa. Ya ce Malam, katakon nan ɗanye ka saya, iskar Kano ta hunturu kuwa ba ta yi wa ɗanyen katako da sauƙi. Ka jera su a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki da ɗan uwansa don iska ta ratsa, ka shafe bakunan da tsohon fenti, ka ɗora nauyi a sama, ka ƙyale su. Na yi haka, sauran suka tsira. Magana ce ta wanda ya san katako. Ku gaya min, a nan ina alamar ɓarawo?

Kuɗin kashi uku na tura. N300,000 da farko, sai N120,000, sai N45,000. Ku haɗa ku gani, N465,000.

A'a, bari in koma baya, na tsallake abu mafi muhimmanci. Tun kafin maganar kuɗi, ni ne na fara yin kuka a zauren cewa na gaji da ɗaukar falanki a a-daidaita-sahu zuwa wurin masu inji a fere min, in biya kuɗin mota, in biya kuɗin fira, in dawo in tarar wani ya fi wani kauri. Na ce da zan samu injin filen, wato injin fere katako, ɗan ƙarami ko da wanda aka taɓa amfani da shi ne, da na huta. Ni na faɗa da bakina, eh, amma ai maganar da kowa ke yi ce a wurin. Bai ce komai ba a lokacin. Sai da aka kwana biyu, bayan sallah ne ko kafin ta, sannan ya biyo ni ta gefe. Ya ce yayansa yana Ingila, yana haɗo kayan aikin da aka taɓa amfani da su a kwantena, an sauke a Legas, nasa kason ya iso Kaduna, yana ajiye a wani shago kusa da kasuwar Panteka. Ya turo hotuna. Injin filen na Makita mai faɗin inci 12, da zarton tebur, da wani injin yin ado a gefen katako.

Yanzu ga wurin da nake ta juyawa a kaina, dare da rana. Na ce masa ina son zarton teburin ma. Ya ce a'a. Ya ce Malam kada ka saya, wannan irin na wurin gine-gine ne na Ingila, mai filogi ruwan ɗorawa, wutar 110 yake ci, mu kuma tamu ta nan 220 zuwa 240 ce. Sai ka sayi tiransifoma, kuma in yaro ya yi kuskure ya jona shi kai tsaye, ya ƙone. Na je na bincika, gaskiya ya faɗa, haka kayan aikin magina suke a can. Na ce to injin adon fa? Ya ce boris ɗinsa ya fara ƙara, ba zai sayar wa ɗan uwa abin da zai dawo yana zaginsa ba. Har ya tambaye ni girman janaretana, ya ce in ɗan ƙaramin nan ne ba zai ɗauki injin filen ba, kada in yi asarar kuɗina. Jama'a, mai sayarwa yana hana ka saye! Abu uku, ya hana ni biyu. Wane ɗan damfara ne yake mayar da kuɗi? Abin da na tambayi kaina ke nan a ranar, kuma har yanzu ina ganin tambaya ce ta mai hankali. Ni ban taɓa faɗa wa masu "an zaɓe ka ka ci kyauta" ba. Masu kira su ce daga banki suke, a ba su lambar kati, ni nake gargaɗin mutane a kansu a ofis. Ni ba yaro ba ne, ba kuma jiya na fara riƙe kuɗi ba.

Kuma na nemi bidiyo. Kada wani ya ce ban nema ba. Ya turo, inji yana aiki, falanki yana shiga ta nan yana fita ta can sumul, ɓawon katako yana zuba. Ya biyo da saƙon murya yana kiran sunana, yana cewa ka ji ƙararsa ko, lafiya lau yake. Bidiyon daban, muryar daban. A lokacin wa zai lura da wannan?

N420,000 muka yi ciniki. Ya fara daga sama da haka, na yi ta ja, ya yi ta rantsuwa cewa don ni ne. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tura N300,000. Da na sa lambar asusun, sunan da ya fito ba nasa ba ne, sunan mace ne. Na tsaya, na kira shi. Ya yi dariya ya ce na maman yara ne, nasa yana da matsala, an ce ya je ya gyara BVN. Wanene a cikinku bai taɓa tura kuɗi asusun matar wani ko yaron shagon wani ba? A kasuwa kullum haka ake yi. Na tura N300,000.

Yarjejeniyarmu ita ce cikon sai kaya sun iso. Shi ya faɗi haka da bakinsa, ina da muryar. Amma washegari, ko dai Lahadi ce, domin na tuna ina cikin gareji ina goge ƙofar kabad da samfefa, ya kira hankali a tashe. Wai yayan nasa ya yi waya daga Ingila yana faɗa, wani Alhaji daga Zariya ya zo da kuɗi a hannu zai biya duka, shi kuma ya ce ya riga ya yi wa ɗan uwa alkawari. In na cika yau, magana ta ƙare, in ba haka ba zai dawo min da N300,000 ɗina, ba komai. Kun ji? Zai dawo min da kuɗina. Shi ya kawo maganar mayarwa, ba ni ba. Na tura N120,000.

N45,000 ɗin kuwa, ita ce ta fi ƙona min rai, duk da ita ce ƙarama. Kuɗin mota ne da wuƙaƙen inji sababbi guda biyu, wai kada in sha wahalar nema a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ya turo hoton kwali an ɗaure da igiya, an rubuta sunana da lambata da maka. Wani mutum ya kira ni ya ce shi ne direba, ya taso daga Kawo. Can ya sake kira ya ce ya wuce Zariya. Can ya ce yana Kwanar Dangora, taya ta yi faci, in je Unguwa Uku in jira shi. Na je. Na ɗauki yarona babba don ya taya ni ɗauka, har na yi ciniki da mai a-daidaita. Muka tsaya muna leƙa duk motar da ta shigo daga Kaduna har aka kira magariba, aka kira isha'i. Lambar direba a kashe. Lambar Injiniya tana shiga ba a ɗauka, daga baya ita ma a kashe. Yaron ya ce Baba ko mu tafi gida. A gaban ɗana, jama'a.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar da na tura kuɗin farko ya roƙe ni kada in yi maganar a zaure. Wai kayan kaɗan ne, in mutane suka ji za su yi masa caa, wanda bai samu ba ya ji haushi. Na ga magana ce mai ma'ana, na yi shiru. Da abin ya fashe na fito na faɗa, sai ga saƙonni ta gefe. Mutum uku ban da ni. Salo ɗaya, kwali ɗaya, sunan da ke jikin kwalin kawai ake canjawa. Ɗaya dattijo ne ɗan fansho, shi zarton teburin aka sayar masa, wanda ni aka ce min kada in saya! Shi kuma aka ce masa injin filen ne mai matsala. Kowa an hana shi wani abu don ya saki jiki ya sayi wani. Kuma duk sun yi shiru saboda kunya, wani ma tun kafin ni aka cuce shi. Da ya yi magana a lokacin, da N465,000 ɗina tana nan. Ba na zarginsa, na san abin da yake ji, amma da ya yi magana.

Wani matashi a cikinmu ya ɗauki hotunan ayyukan da Injiniya yake sakawa duk Lahadi ya bi su da Google Lens, manhajar da ake binciko asalin hoto da ita. Ko ɗaya ba nasa ba ne. Teburin da muka yi ta yabo na wani bature ne, a bangon shagon ma akwai na'urar ɗumama ɗaki, abin da babu wanda ya kula da shi a cikinmu, mu sama da mutum ɗari. To in ni wawa ne, mu duka ne. Amma shawarar busar da katako fa? Ita gaskiya ce, falankan suna nan a miƙe. Wannan mutumin ya san aikin, ko ya taɓa yi, ko ya zauna da masu yi. Da hannunsa zai iya cin halak, ya zaɓi wannan.

Na tura ɗan ƙanwata da ke Kaduna ya zagaya Panteka da hoton shagon. Babu wanda ya san shi, babu mai irin wannan shagon. Na je banki, aka ce kuɗin ba su jima a asusun ba aka kwashe, aka ce in kawo rahoton 'yan sanda, kuma riƙe asusu sai da umarnin kotu. Na kai rahoto. Mu huɗun muna haɗa takardar koke zuwa ofishin EFCC na nan Kano. Saboda haka ne ma ban saka lambobinsa da sunan asusun a nan ba tukuna, an ce in dakata, kuma matar da sunanta ya fito ban sani ba ko da ita aka haɗa baki ko ita ma amfani aka yi da ita. Amma komai yana hannuna. Rasit uku, N300,000, N120,000, N45,000, hotunan hirarmu tun daga ranar maganar madaci, saƙonnin murya, hoton kwalin. Zan saka su da zarar an ba ni dama, wallahi zan saka, ko guda ba zan rage ba.

A gida kuwa ba a cewa komai. Uwargida ta san kuɗin adashi ne, ta san na yi mata alkawarin kabad ɗin kicin kafin bikin ƙanwarta. Sau ɗaya ta tambaya ina injin, na ba ta amsa, ba ta sake ba. Na ma share wuri a gareji, na haɗa masa ɗan benci da katakon tu-bai-fo, na jawo masa soket.

Shawara, ga mai so. Kada ka biya kuɗin injin da ba ka jona shi a wuta da hannunka ba. In a wani gari yake, tura naka ya gani, ko a yi kiran bidiyo kai tsaye ya rubuta sunanka a falanki ya tura cikin injin kana kallo. Sunan asusu ya bambanta, tsaya. Aka ce kada ka gaya wa kowa, gaya wa kowa.

Ni dai ban yafe ba. N465,000 gumina ne, ba tsinta na yi ba, kuma Allah ya isa tsakanina da shi, da wanda ya yi muryar direba, da duk wanda ya ci ko naira ɗaya a ciki. Duk wanda aka yi wa irin wannan, ko da wani suna ya zo maka, ko injin walda ne ko na ɗinki, ka yi min magana ta gefe mu haɗa koken, ba zan fallasa ka ba. Sannan akwai wanda ya saka mutumin nan a zaurenmu tun farko, ya ce abokinsa ne. Tun da abin ya faru yana karanta saƙonni bai ce uffan ba. Malam, ka san kanka. Ban ce da kai aka yi ba, amma ka kira ni yau ka gaya min a ina ka san shi.