Akwatin gwajin ruwa da muka yi aiki da shi a Kasala

Bayan da aka ayyana ɓarkewar kwalara a Sudan a watan Agustan 2024, kwamitin unguwarmu a Kasala ya yi karo-karo ya sayi ƙaramin akwatin gwajin ruwa, aka damƙa mini shi da yake ni malamin kimiyya ne. A cikinsa akwai ƙwayoyin DPD na auna kulorin (maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa), da takardun tsomawa na auna tsami da naitiret (wani sinadari mai cutar da jarirai idan ya yi yawa a ruwa), sai wata na'ura mai siffar alƙalami da ke auna gishirin da ya narke a ruwa.

Ƙwayoyin nan su suka fi komai amfani a akwatin. Ana ɗibar ruwa a 'yar kwalba, a jefa ƙwaya ɗaya, a girgiza, sannan a gwada launin da allon da ke gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ragowar kulorin ta gaza miligiram 0.2 a kowace lita a inda ruwa ya isa ga mai sha. Ranar farko na gwada gangar wani dattijo mai kawo mana ruwa a amalanken jaki, ruwan bai ko sauya ba. Na ce, "Baba, yau ba a sa magani ba." Muka sa, muka jira minti 30, muka sake gwadawa, sai ga ruwan ya yi ja-ja a gaban idonsa, kuma tun daga ranar shi da kansa yake miƙo kwalbar. A damina, idan kogin Gash ya kawo ruwa ya yi dauɗa, sai an bar shi ya kwanta tukuna, domin laka tana cinye maganin kuma tana ɓata launin.

Alƙalamin kuwa na fi jin tsoronsa. Mutane suna ganin ƙaramar lamba su ce ruwa ya yi kyau, alhali gishiri kawai yake gani, ba ya ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Amfaninsa shi ne gane rijiya mai zartsi, wadda lambarta ta haura 1,000.

Takardun naitiret sun nuna mana rijiya ɗaya kusa da masai da ta wuce miligiram 50 a kowace lita, muka hana haɗa wa jarirai madara da ruwanta. Sai dai zafi da laima suna lalata takardun. Rabin namu sun dushe cikin wata biyu domin mun sha barin murfin a buɗe. Duk kwamitin da zai saya, ya ninka ƙwayoyin DPD tun farko, don namu sun ƙare kafin damina ta wuce.