Wata huɗu muna kai yaro wajen masaniyar halayyar ɗan Adam a Katsina

Ɗan yayata, mai shekara 14, ya kai matsayin da ake kiransa kangararre a unguwa: ya daina zuwa makaranta, yana kwana a waje, har an fara ganinsa tare da ƙauraye. Dangi suka kasu biyu, masu cewa a yi masa ruƙiyya da masu cewa a kai shi gidan mari. Ni kuwa tun da na ga hotunan waɗanda 'yan sanda suka kwance daga sarƙa a Daura da Katsina a watan Oktoban 2019, na ƙudurta ba za a sa masa mari ba. Shi ya sa muka nufi sashen kula da matasa na wani asibiti a cikin gari.

Wadda ke duba yaran ba likitar ƙwaƙwalwa ba ce, don haka ba ta rubuta magani. Aikinta tambaya da sauraro, kuma ta iya su. Ta fara da takardar tambayoyi 25 da Robert Goodman ya tsara a Ingila a 1997, wadda uwa da malamin aji da yaron kansa ke amsawa kowa daban. Sannan ta dubi yayata ta ce, "Hajiya, tun yana ƙarami yake haka, ko kuwa da ya balaga ne?" Na ɗauka tambayar cika baki ce, ashe a kanta komai ya rataya. Ta bayyana mana aikin Terrie Moffitt, masaniyar da ta daɗe tana nazarin yara 1,037 da aka haifa a garin Dunedin na ƙasar Niyuzilan, wadda a 1993 ta bambanta ƙalilan ɗin da fitinarsu ke farawa tun yarinta ta bi su har girma, da mafi yawan da tasu ke zuwa da balaga ta kuma lafa. Namu ya canza ne bayan rasuwar mahaifinsa, kuma abin da muke kira taurin kai, baƙin ciki ne da bai sami mai saurare ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ta ba manya aiki fiye da yaron: a daina duka, a tsayar da doka ɗaya, a yaba masa in ya kiyaye. Kawunsa bai ji daɗin wannan ba.

Akwai gyara. Rana ɗaya tak ake ganinta a mako, ana jira tun safe har azahar a baranda ɗaya da manyan majinyata, abin da ya sa yaron ya ƙi zuwa sau biyu don gudun a ce masa mahaukaci. Takardar tambayoyin da aka ba mu kuma da Turanci take, sai an fassara da baki.

Ya koma makaranta, ko da yake har yanzu yakan yi fashin ranar Litinin.