Bitar CapCut: Yadda Ta Yi Mana Aiki Wajen Haɗa Bidiyon Ba-zata na Godiya ga Malamai

Saura mako uku a yi bikin yaye mu, 'yan ajinmu suka ɗora mini nauyin haɗa bidiyon godiya da za a nuna wa malamanmu ba tare da sun san da zuwansa ba, kuma dalilinsu na zaɓata bai wuce cewa wayata ce ta fi ta kowa sarari ba. Manhajar da na yi aikin da ita tun daga farko har ƙarshe ita ce CapCut, mallakar kamfanin ByteDance mai TikTok, wadda ta fara fitowa a ƙasar Sin a 2019 da sunan Jianying, kafin a fitar da ita ga sauran ƙasashe a 2020. Ana samunta a wayoyin Android da iPhone, akwai ta kwamfuta, kuma tana da ɓangaren kyauta da ɓangaren biyan kuɗi da ake kira Pro. Ni a ɓangaren kyauta na tsaya, ya kuma ishe ni.

Abin da ya fara burge ni shi ne sauƙin yanka da jerawa. Mutum yana ɗora guntayen bidiyonsa a kan dogon layi guda, ya ja da yatsa zuwa inda yake so, ya yanka, ya goge abin da ba ya buƙata, sannan ya matsar da wannan gaba ya dawo da wancan baya. Cikin yini ɗaya hannuna ya faɗa. Wannan sauƙi yana da muhimmanci a irin wannan aiki, domin yawancin abin da 'yan aji za su turo yana farawa ne da gyaran murya da dariya da tambayar "an fara ɗauka?", kuma dole a datse duk wannan kafin a kai ga daƙiƙa goma masu amfani.

Mun buɗe zauren WhatsApp na sirri, na kafa sharuɗɗa uku: a riƙe waya a kwance, kada magana ta wuce daƙiƙa 15, kuma a turo bidiyon a matsayin fayil, saboda WhatsApp yana matse bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba har ya dusashe, alhali fayil yana isowa yadda aka ɗauke shi, kuma ana iya tura mai girman gigabait 2. Kamar yadda kowa zai zata, kusan rabin ajin suka ɗauka a tsaye. A nan CapCut ta fitar da ni kunya, domin bayan na zaɓi tsarin allo na 16:9, wanda ya dace da majigi da talabijin, sai na cike gefunan bidiyoyin tsaye da dishi-dishin hoton kansa, maimakon baƙaƙen shafuka biyu masu kashe ido.

Inda nake da ja da manhajar shi ne tsararrun zubin da take tallatawa tun daga shafin farko, waɗanda mutum zai zuba hotunansa kawai su fito da kiɗa da walƙiya. An yi yawancinsu ne don gajerun bidiyoyin tsaye na TikTok, masu sauya hoto da bugun kiɗa, kuma wannan sauri ba ya barin a kalli fuskar mai magana, balle a ji abin da yake faɗa. Na gwada guda biyu, na ga sun mayar da godiyarmu tamkar tallar kaya, sai na ajiye su na koma yanka da hannu. Haka nan yana da kyau a lura da alamar Pro a jikin kowane ado kafin a ɗora shi, domin wanda ya yi amfani da shi bai lura ba, sai ya zo fitar da bidiyon za a nemi ya biya ko ya cire.

Abin da ya ba bidiyon rai kuwa tambayar da aka yi wa mutane ce. Da farko na ce kowa ya yi godiya, sai na samu mutum goma sha biyu suna maimaita jumla guda, cewa malamai sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Magana ce mai kyau, amma idan aka ji ta sau goma sha biyu a jere ba ta ƙara taɓa kowa. Sai na sauya tambayar: wace magana ce malami kaza ba ya rabuwa da ita, kuma wace rana ce ba za ka manta da shi ba? Malaminmu na lissafi yana da kalma guda da yake faɗa duk lokacin da aka ba shi amsa, ko da daidai ce: "Nuna mini hanyar da ka bi." Mutum takwas suka kwaikwaye shi, kowa da irin muryarsa, har da mai ɗaga gira yadda yake yi, na yanka su daƙiƙa bibbiyu na jera su bi da bi. Wata 'yar ajinmu kuma ta ba da labarin ranar da malamar Ingilishi ta tsaya bayan an tashi don ta sake duba mata rubutun da ruwa ya jiƙa. Mun haɗa da hotunan shekarar farko kusa da na shekarar ƙarshe, mun ɗauki ajin babu kowa a ciki sai kujeru da allo, mun kuma ware minti guda ga mai gadi da masu shara da ma'aikacin ɗakin karatu, waɗanda ba kasafai ake ambatonsu a irin wannan rana ba.

Akwai ba-zata ta biyu da 'yan ajin kansu ba su san da ita ba. Na ja malama guda gefe na sanar da ita sirrin, ta ɗauki saƙon minti ɗaya zuwa gare su, na ɓoye shi a ƙarshe bayan allon ya yi duhu kamar an gama.

Sauti ne ya fi cin lokacina, kuma a nan ne duk wanda zai yi irin wannan aiki ya kamata ya zuba haƙurinsa. Wani ya ɗauka a ɗaki shiru, wani a waje iska na kaɗawa, wani bakinsa a jikin waya, wani kuma daga nesa. CapCut tana ba da damar ɗaga ko rage ƙarar kowane guntu shi kaɗai, da sa kiɗa ya shigo a hankali ya fita a hankali, kuma da wannan na daidaita su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka na yi kuskure na kaina, domin da abin sauraro na kunne na yi aikin, sai da muka gwada a babban ɗakin taron da lasifika na ji kiɗan ya danne muryoyin gaba ɗaya. A daren na rage shi sosai, na kuma cire shi ɗungurungum a ƙarƙashin labarin rubutun da ruwa ya jiƙa. Wajen rubuta sunaye ma akwai abin lura, saboda ba kowane salon harafi na ado ne yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba, don haka na zaɓi salo mara ƙawa na gwada haruffan uku tukuna.

Wajen fitarwa na zaɓi ingancin hoto na 1080p da hoto 30 a kowace daƙiƙa, manhajar ta nuna mini kimanin girman fayil ɗin tun kafin ta fara, na kuma goge ɗan guntun tambarin CapCut da take liƙawa a ƙarshe. Bidiyon ya tsaya a minti 7. Ga ɗalibin da bai taɓa tace bidiyo ba, wanda waya kaɗai gare shi da 'yan makonni, ina ganin ɓangaren kyauta na wannan manhaja ya wadatar, muddin ya kauce wa tsararrun zubin nan ya kuma gwada sautin a inda za a nuna.

A ranar bikin, da aka zo wajen mutum takwas ɗin nan, malamin lissafi ya cire tabarau yana dariya har yana dafa kujerar gabansa. Bayan an tashi ya tambayi wanda ya haɗa, aka nuna ni, ya dube ni ya ɗaga gira ya ce, "To, nuna mini hanyar da ka bi."