Kwaɓi ko Sifina? Amsa ga Mai Son Kai Yara Kamun Tirawut a Katy

Ɗan'uwa, barka da zuwa Texas, Allah ya sa an zo a sa'a. Ka ce ka ji ana zuba kifin tirawut a tafkin Mary Jo Peckham Park da ke Katy idan sanyi ya shigo, kana so ka kai yaranka biyu ranar Asabar. Ka shiga kanti ka tarar da kaya iri biyu, kwalaben kwaɓaɓɓen abincin kifi a gefe guda, 'yan ƙarafa masu walƙiya da ake kira sifina a ɗaya gefen, ka rasa wanda za ka ɗauka. Ni dai kwaɓin zan ce ka saya, tunda da yara za ka je, kuma kifin da za a ci kake nema. Sifina ma tana da ranarta, zan gaya maka wacce ce.

Sai ka fara sanin kifin kansa. Tirawut ɗin da ake zubawa, irin da ake kira rainbow, ba ɗan Texas ba ne. Asalinsa kogunan sanyi na yammacin Amurka ta Arewa, masu malala zuwa tekun Fasifik. Da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 21 a ma'aunin Salshiyos sai ya fara galabaita, shi ya sa hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, Texas Parks and Wildlife, ba ta zuba shi sai daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Maris. Kowane hunturu tana raba sama da 300,000 a faɗin jihar. Tafkunan cikin gari na shirin Neighborhood Fishin', wanda na Katy yana cikinsu, haka ma na Chisholm Park a Hurst ga mutanen Dallas da Fort Worth, ana kai musu kifi duk bayan mako biyu. Ke nan kifin da za ka tarar, kwanaki kaɗan da suka wuce yana gidan kiwo ana watsa masa dunƙulen abinci safe da yamma. Kamar kajin gidan gona yake, bai san fita nema ba, abin da aka zuba masa shi ya sani. Duk bambancin da ke tsakanin kayan nan biyu daga nan ya taso.

Kwaɓin, wanda aka fi sani shi ne PowerBait na kamfanin Berkley, saboda irin wannan kifi aka yi shi. Yana da ƙamshin da ke jawo shi, sannan ba ya nutsewa. Wannan rashin nutsewar ita ce sirrinsa, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Ga yadda ake haɗawa. Ka zura dalma mai huda a zaren, irin wadda ke zamewa gaba da baya. Ka ɗaura ɗan zobe mai juyi ya tare ta. Daga zoben ka ƙara zare kamar kamu ɗaya, santimita 30 zuwa 45, ka ɗaura ƙaramar ƙugiya, lamba 10 ko 12. Sai ka ɗebi kwaɓin kamar ƙwayar wake, ka mulmula shi a tafin hannu har ya rufe ƙugiyar ruf. Kafin ka jefa, tsoma shi a bakin ruwa ka duba. Idan ya ɗaga ƙugiyar sama, ya yi. Idan ya kwanta a ƙasa, ƙugiyar ta yi masa nauyi, ka ƙara kwaɓi ko ka sauya ƙarama. Abin da ake so shi ne dalma ta zauna a ƙasan tafki, abincin yana reto a samanta, ya tsere wa laka da ciyayi, daidai inda kifin ke wucewa.

Ka jefa a hankali, don in ka fizga da ƙarfi kwaɓin zai tashi shi kaɗai ya bar maka ƙugiya tsirara. Ka naɗe zaren har ya ɗan miƙe, ka jingine sandar a kan wani abu mai baki biyu, ka zuba wa tsininta ido. Za ka ga ta yi rawa sau ɗaya, sau biyu, kaɗan-kaɗan. Kada ka taɓa. Sai ta sunkuya ta tsaya, sannan ka ɗaga a natse ka miƙa wa yaro ya naɗo. Idan minti 15 ko 20 suka wuce shiru, ka naɗo ka sabunta, ka canza wurin jifa.

Sifina aikinta daban ne. Ɗan ƙarfe ne mai fallen ganye da ke juyawa idan ana jan sa cikin ruwa, yana walƙiya yana girgiza ruwan. Sunayen da za ka gani a kanti su ne Rooster Tail, Panther Martin da Mepps. Ba yunwa take taɓa wa kifin ba, halinsa na kai wa ƙaramin abu mai gudu cafka take tsokana. Ƙanana ake so, masu nauyin giram 2 zuwa 4. Ka jefa, ka ɗan jira ta nutse, sannan ka naɗo a hankali, daidai yadda za ka ji tana kaɗawa a hannunka. In ba ka ji kaɗawar ba, ganyen ba ya juyawa, ƙarfe kawai kake ja. In ka yi sauri kuma ta taso sama, kifin ruwan sanyi ba zai wahalar da kansa ba. Mai sifina ba ya zama. Jifa biyar ko goma a wuri ɗaya, ya matsa gaba, har ya zagaye tafkin. Kuma gaskiya cafkar da kifi ke yi mata, wadda kake jin ta har kafaɗa, mai kwaɓi ba ya samun irinta.

To yanzu mu jera su.

Ta fuskar lokaci, sifina ta fi ƙarfi a kwana ɗaya ko biyu na farko bayan motar hukuma ta juye kifi. A lokacin suna tafiya garke-garke, ba su yi nisa da saman ruwa ba, ba su taɓa ganin ƙarfe ba, suna rige-rigen cafka. Wanda ya gano inda garken yake zai iya cika rabonsa na kifi biyar da doka ta yarda a rana kafin mai kwaɓi ya gama ɗaure-ɗaure. Bayan mako guda labari ya canza. An kwashe da yawa, baƙaƙen tsuntsayen ruwa masu nutso sun ci nasu, sauran sun warwatsu sun koma ƙasa, sun ga sifina ta wuce su ba adadi. Nan kwaɓi ke karɓar fage. Haka kuma idan iskar arewa ta buso sanyi ya tsananta, kifin yakan yi sanyin jiki, abincin da ke tsaye a gabansa ya fi masa sauƙi a kan wanda zai bi da gudu. Hukumar tana wallafa ranakun zubi a shafinta na intanet, ka duba kafin ka fita. Sanin ranar nan ya fi duk abin da za ka saya amfani.

Ta fuskar kuɗi ba su da wani nisa. Kwalba ɗaya ba ta kai dala 10 ba, kuma za ta iya kai ku ƙarshen sanyi. Sifina ɗaya ma ba ta kai hakan ba, sai dai duk ranar da ta maƙale a itacen ƙasan ruwa ta tafi ke nan.

Ta fuskar yara kuwa, nan ne na tsaya da ƙafa biyu. Yawancin sifina ƙugiya mai baki uku gare ta. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai yana wurga wannan a bayan kansa, ƙaninsa na tsaye kusa, ga masu yawo da karnuka da masu tura keken jarirai suna wucewa ta gefen tafki, hankalinka ba zai kwanta ba, kuma bai kamata ya kwanta ba. Sannan tana son hannu mai daidaito, jifa bayan jifa, zare na murɗewa yana cukurkuɗewa. Za ka ƙare da warware zare, su kuma su gaji su nufi lilo. Da kwaɓi kai ne mai haɗawa, su ne masu gadin tsinin sanda. Idan ƙaramin ba shi da haƙurin kallon sanda, ka sa masa ɗan ƙwallon roban nan mai yawo a saman ruwa, ka rataya tana ko ƙwayar masarar gwangwani biyu a ƙasansa kamar tsawon hannu. Ganin ƙwallon ya nutse yana riƙe yaro fiye da kome. Za ka ga wasu suna sa alewar nan fara mai laushi, mashmalo, don ita ma tana tasowa sama. Da yawa daga cikinta da sinadarin alade ake yi, kuma yaro in ya gan ta a jaka zai kai baki. Ka bar ta, masara ta wadatar.

Akwai wani bambanci da nake so ka ɗauka da muhimmanci. Kifin da ya ci kwaɓi yakan haɗiye shi har ciki da ƙugiyar. In ka ce za ka zaro ka mayar da shi ruwa, yawanci mutuwa zai yi bayan ka juya baya. Wanda sifina ta kama a leɓe take riƙe shi, ana iya cirewa da jiƙaƙƙen hannu a sake shi lafiya. Saboda haka mai kwaɓi ya ƙudurta tun daga gida cewa duk abin da ya kama na tukunya ne, idan ya cika rabonsa ya naɗe kayansa. Raina yana ɓaci in na ga mutum ya cika biyar ɗinsa yana ci gaba da kamawa da kwaɓi yana jefarwa, matattun kifi suna yawo a gefen ruwa, alhali ga wani uba can da 'yarsa tun safe ba su samu ko ɗaya ba. Ɗauka zuwa gida kuwa ba laifi ba ne ko kaɗan, don haka aka zuba su, wanda ya rage ma zafin bazara zai kashe shi. A Texas sai a wurare ƙalilan, kamar kogin Guadalupe, ƙasan madatsar Canyon, inda ruwan sanyi ke fitowa daga gindin dam, ake samun waɗanda ke tsallake zafi.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka sayi kaya irin na tarwaɗa. Mu da muka taso da zare mai kauri da ƙatuwar ƙugiya hannunmu can yake zuwa. Tirawut ɗin nan tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, bakinsa ƙarami, idonsa kuma yana gani sarai a ruwan sanyi mai haske. Zare mai lamba 4 ko 6 ya isa, da sanda mara nauyi.

Maganar doka. Yara 'yan ƙasa da shekara 17 ba sa buƙatar lasin, kai kana buƙata, kuma in kai ke jefawa kana riƙewa, kai ne mai kamun ko da sandar ta yaro ce. Ana sayarwa a kantunan Academy da Walmart da shafin hukumar. Na ruwan daɗi ga mazaunin jiha kusan dala 30 ne, amma sai ka wuce wata shida a Texas kafin a lissafa ka mazauni, in ba ka kai ba na baƙi za ka saya, ko na kwana ɗaya. Za ka ji ana cewa ba a buƙatar lasin a wurin shaƙatawa. Wannan na gandun jiha ne kawai, wurin shaƙatawa na birni ko na gunduma irin na Katy ba ya ciki. Rabon kowane mutum kifi biyar ne a rana, sanda biyu iyaka, kuma fatsa kaɗai aka yarda da ita. Birgi da koma a bar su a gida.

Ka tafi da ƙanƙara a kula. Tarwaɗarmu ta gida takan daɗe da rai a bokiti, tirawut kuwa minti kaɗan ya mutu, namansa kuma yana saurin saki. Ka fasa cikin da wuri, ka kankare baƙin jinin da ke bin ƙashin baya da babban yatsa, ka wanke. Ya fi daɗi a soye ko a gasa da yaji da lemon tsami. In uwargida ta ce farfesu, a saka shi a ƙarshe bayan romo ya nuna, minti kaɗan a sauke, in ba haka ba zai narke ya bar ƙaya a tukunya.

In kuɗin ya isa, ka ƙara sifina ɗaya mai ruwan zinariya ko azurfa don kanka. Ranar da Asabar ɗinku ta faɗo kusa da ranar zubi, ka zaunar da yara da sandunansu, ka matsa gefe inda ba kowa a bayanka ka gwada ta. Daga watan Afrilu kuma wannan tafkin dai tarwaɗar Amurka ake zuba masa, lokacin ne za ka nemi zare mai kauri da babbar ƙugiya.